Daga gatarin Kaka zuwa alamar ∧: zaren tarihin weji

1/
Yau zaren tarihi na kawo muku, amma ba na sarki ko na yaƙi ba. Tarihin wata 'yar alama ce da ba ta fi ƙwayar dawa girma a takarda ba: ∧

Ta taɓa cinye min maki a gwaji, haushin abin ya sa na bi sawunta. Zaren da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/
Ni ɗan Ɗan Isa ne, ƙasar Ƙauran Namoda. Ina aji uku a jami'a, lissafi nake karanta. Gidanmu gidan ƙira ne. Kakana har gobe yana zama gaban uwar maƙera da masabarsa, duk da ƙarfi ya ja baya, jikoki ke yi masa zuga. Ku riƙe wannan tsohon a rai, zai dawo cikin labarin.

3/
A aji ɗaya aka fara nuna mana ∧ a darasin mantiƙi. Aka ce p ∧ q na nufin "p gaskiya ne, kuma q gaskiya ne". Aka ce p ∧ p daidai yake da p, tunda wanda ya maimaita magana sau biyu bai ƙara komai ba. Na haddace tsaf.

4/
Bara, a wani kwas daban, na rasa darasin mako biyu. Na je gida, hanya ta ƙi biyuwa, 'yan yankinmu sun san abin da nake nufi. Na dawo na tarar da gwaji. Tambaya: mene ne a ∧ a?

Na ce banza ta faɗi. Na rubuta a.

Amsar sifili ce. Makin da na samu ma sifili ne 😭

5/
Na bi malamin ofis da takardata, wai ni mai gaskiya. Ya duba, ya ce, "Wannan ∧ ɗin ba waccan ba ce. Je ka karanta." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

To na je na karanta. Ga abin da na samo.

6/
Da Turanci sunan alamar wedge. Kun san kalmar, ko da ba ku san kun san ta ba. Ita ce Bahaushe ya mayar "weji": guntun katakon nan mai tudu da yaron mota ke dirowa da gudu ya cusa a ƙarƙashin taya in babbar mota ta tsaya a gangare.

7/
Kalmar baƙuwa ce a bakinmu. Ta shigo ne tare da su birki da jak da sifana, ta bakin direbobi da yaransu. Layin dogo kansa sai 1929 ya iso Ƙaura. Amma abin da kalmar ke nufi, wato duk wani abu mai kaurin gindi da siririn baki, ya girmi mota, ya girmi ƙarfe, ya girmi rubutu.

8/
Duba gidanku yanzu. Gatari weji ne. Gizago, wuƙa, aska, kurfi, bakin galma, bakin hauya, allura, ƙusa, duk weji ne. Haƙoranka na gaba da kake gatsar rake da su ma haka. Muna kewaye da shi, suna ɗaya ne kawai ba mu haɗa su a ƙarƙashinsa ba.

9/
Masu tonon kayan tarihi sun samu gatura na dutse, waɗanda ake riƙewa a hannu babu ƙota, a Gabashin Afirka. Sun ƙiyasta wasu sun haura shekara miliyan ɗaya da rabi. An samu irinsu a ƙasar nan, a wani wuri kusa da Jos da ake kira Mai Idon Toro. Ku dubi sunan wurin ma, Hausa ce zalla.

10/
Daga dutse aka koma ƙarfe. A Taruga, kusa da Abuja ta yau, an tono matoyar tama ta mutanen Nok wadda ta haura shekara 2,000. Ke nan sana'ar da Kaka ke yi ta bugun ƙarfe har ya fitar da baki tsohuwa ce ƙwarai a wannan ƙasa. Ba daga waje aka kawo mana ita jiya ba.

11/
To yaya weji ke aiki? Misali: weji mai tsawon santimita 20, kaurin gindinsa santimita 4. Kafin ya buɗa itace da santimita 4, sai ya nutse santimita 20. Ka yi doguwar tafiya ƙasa, ka samu gajeriyar buɗawa gefe. Ladan doguwar tafiyar shi ne ƙarfi: 20 raba 4, ninki 5.

12/
Wato weji ba ya ƙirƙirar ƙarfi daga babu. Musaya yake yi: ka ba shi nisa, ya ba ka ƙarfi. Sannan yana juya akalar bugun. Kai ƙasa kake bugawa, shi kuma gefe da gefe yake turawa. A zahiri ba ka samun ninki 5 ɗin cif, don gogayyar ƙarfe da itace tana cin rabonta.

13/
Da hutu na zana wa Kaka wannan a ƙasa da tsinke, ina ta zuba bayani. Ya bari na gama, ya ce:

"Kai ɗan boko, wanga shi ak karatun da anka kai ka yi? Gatarin faskare ba a yi mai bakin aska. In kay yi mai, ya lafe cikin icce, ka wuni kana ja."

14/
Wallahi abin da littafi ya ce ke nan. Siririn weji ya fi saurin shiga, amma gogayya na riƙe shi ya maƙale. Mai kauri ya fi wuyar shiga, amma yana tsaga itacen ya fito. Maƙeri na zaɓar kaurin baki gwargwadon aiki: na sassaƙa daban, na faskare daban, na aski daban. Shi da ido da hannu yake auna kusurwarsa.

15/
Maƙalewar nan kuma wani wurin ita ake nema. Ku dubi yadda ake sa wa gatarinmu ƙota: wutsiyar ƙarfen tana sirancewa, a cusa ta cikin hudar ƙota. Duk sara ɗaya ƙara matse ta yake yi. Wejin mota ma haka: nauyin tayar ke danna shi ƙasa, yana ƙara cizo.

16/
Yanzu mu bar maƙera mu tafi ƙasar Iraƙi ta yau, shekara wajen 5,000 baya. Mutanen Sumer suna rubutu a kan ɗanyen yumɓu da karan da aka fiƙe. In ka danna bakin kara a yumɓu, shaidar da yake bari siffar weji ce. Sunan da Turawa suka ba wannan rubutu daga kalmar Latin ta weji ya fito.

17/
Mutanen Babila da suka gaje su da alamomi biyu kacal suke rubuta lamba: weji a tsaye 1 ne, weji mai kusurwa 10 ne. Ƙidayarsu kuma sittin-sittin take tafiya, ba goma-goma ba. 75 a wurinsu: weji ɗaya na 60, sai tazara, sai 10 ɗaya da 1 guda biyar.

Minti 60 na agogonka gadonsu ne.

18/
Akwai wani ɗan allon yumɓu nasu a Jami'ar Yale ta Amurka, bai fi tafin hannu ba, ya haura shekara 3,500. An zana murabba'i, an rubuta tushen 2 da waɗannan wejojin. In ka juya shi zuwa lambobinmu, 1.41421 ya fara da shi. Danna kalkuletarka ka gani, lambobi 5 na bayan ɗigo daidai suke.

19/
Sai Iskandariyya ta Masar, ƙarni na 1 Miladiyya. Wani masani Bagirke mai suna Heron ya rubuta littafi kan ɗaga kaya masu nauyi. Ya lissafa na'urori 5 da duk wata dabara ke komawa gare su: sandar ɓanɓara, gungumen naɗe igiya, 'yar ƙafar nan da ake ratsa igiyar guga, sukuru, da weji.

20/
Abin da ya burge ni: cikakken littafin na Girkanci ya ɓace. Da Larabci ya tsira. Ƙusɗa bin Luƙa, wani Kirista mutumin Ba'alabak da ya yi aiki a Bagadaza, shi ya fassara shi a ƙarni na 9, zamanin Abbasiyawa. A 1893 aka buga shi a Faransa daga wannan Larabcin. Isfin, haka Larabawa ke kiran weji.

21/
Cikakken lissafin gangare, wanda shi ne uwar lissafin weji, sai daga baya ya zauna. Simon Stevin, a ƙasar Holan, ya kawo hujjarsa a 1586 da zanen sarƙar duwatsu da aka rataya a kan alwatika. Galileo a Italiya ya biyo baya ya nuna duk na'urorin nan doka ɗaya suke bi: abin da ka ci a ƙarfi, ka biya a nisa.

22/
To ina ∧ ta mantiƙi ta shigo? Nan zan faɗi gaskiya, kar gobe wani ya ce ɗan Ɗan Isa ya ce daga gatari aka samo ta. A'a. Babu wanda ya kalli gatari ya zana ta. Kama ce kawai ta siffa ta jawo mata sunan. Tarihinta daban ne, ga shi.

23/
Ma'anar ta girmi alamar nesa ba kusa ba. Tun ƙarni na 3 kafin Miladiyya, Kirisifus da almajiransa a Girka suka zaunar da ƙa'idar: maganar da aka haɗa da "kuma" ba ta zama gaskiya sai kowane ɓangarenta gaskiya ne. Ɗaya ya faɗi, duka sun faɗi.

24/
Mantiƙi ya shiga Larabci, su Farabi da Ibn Sina suka yi masa hidima, ya ratso Sahara. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a fannin. Har musayar baitoci suka yi da Imam Suyuɗi na Masar: Suyuɗi na hana karanta mantiƙi, Magili na kare shi.

25/
A ƙarni na 16 Al-Akhdari ya tsara Sullam, ɗan littafin mantiƙi a waƙe, wanda har yau akwai zaurukan malamai da ake karanta shi. Ke nan lokacin da na zauna a aji ina jin mantiƙi kamar wani baƙon abu daga Turai, fannin ya fi shekara 500 da sanin hanyar ƙasar Hausa. Da kalmomi ake yin sa, ba da alamomi ba.

26/
Wanda ya mayar da shi lissafi shi ne George Boole, ɗan wani mai ɗinkin takalma a Ingila, wanda bai yi digiri ba, shi ya koyar da kansa. Littattafansa na 1847 da 1854. Ya ce a ɗauki gaskiya 1, ƙarya 0, "kuma" ta zama sau.

1×1=1
1×0=0
0×1=0
0×0=0

Shi ke nan teburin ∧ gaba ɗaya.

27/
Amma Boole bai rubuta ∧ ba. An daɗe kowa da tasa. Whitehead da Russell, a babban littafinsu na 1910 zuwa 1913, ɗigo suke sa wa "kuma". Hilbert a Jamus & yake sawa. Lukasiewicz a Folan harafin K ya zaɓa. Ɗalibin wancan zamani in ya canja littafi sai ya sake koyon haruffa.

28/
"Ko" ita ta riga samun alama: ∨, wadda ake dangantawa da harafin farko na vel, wato "ko" da Latin. Su Russell suka yaɗa ta. A 1930 wani ɗan Holan, Arend Heyting, ya yi amfani da ∧ a matsayin "kuma", kuma gare shi masu tarihin alamomi ke jingina ta. ∨ ce aka kifa. Ba ta cika shekara 100 ba ma tukuna.

29/
Abin lura ga mu Hausawa: ∧ ba "da" ba ce. Muna cewa "gero da dawa", amma ba ma cewa "ruwa ya sauka da an yi shuka" muna nufin haɗa zance biyu. Sai dai "ruwa ya sauka, kuma an yi shuka". ∧ zantuka take haɗawa, ba sunaye ba. Don haka "kuma" ce fassararta. Ranar da na gane wannan, rabin ruɗanina ya tafi.

30/
A 1937 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a MIT, Claude Shannon, ya nuna lissafin Boole shi ne lissafin makunnan lantarki. Jera makunni biyu a kan waya ɗaya: ƙwai ba zai kama ba sai an kunna na farko, kuma an kunna na biyu. Wannan ∧ ce da aka yi da waya. Wayar da kake karanta zaren nan cike take da irinsu, ƙanana, ba adadi.

31/
Kullum muna cikinta. A wurin mai POS: lambar sirri daidai ∧ akwai kuɗi a asusu ∧ akwai sabis. A neman jami'a a fannin kimiyya: kiredit 5 ∧ da Turanci a ciki ∧ da Lissafi a ciki. Ka ci takwas ka faɗi Lissafi, ∧ ba ta san "ai ya yi ƙoƙari" ba. Ba ta da kara ko kaɗan.

32/
Saura ∧ ɗin da ta kayar da ni. Tushenta wani malamin sakandare ne a garin Stettin, Hermann Grassmann. A 1844 ya fitar da littafi kan yadda za a ninka kibiya da kibiya, wato abin da ke da tsawo da inda ya dosa, irin su ƙarfi da gudu, waɗanda muke kira bekta.

33/
Ga shi da yaren gona. Tsaya a kusurwar gonarku. Gefe ɗaya ya tafi gabas taki 30, kira shi a. Ɗayan ya tafi arewa taki 20, kira shi b. To a ∧ b shi ne filin da suka rungume: 600.

In b ya karkato wajen gabas, tsawonsa bai canja ba, amma filin ya ragu.

34/
Ci gaba da karkato shi har ya kwanta a kan a. Wane fili ya rage tsakaninsu? Babu. Layi ɗaya ba ya zama gona.

Shi ya sa a ∧ a = 0.

Da wani ya faɗa min haka da Hausa, da misalin gona, da ban rasa makin nan ba har abada.

35/
Sannan a nan jeri na da muhimmanci: a ∧ b = −(b ∧ a). Fili ɗaya ne, amma wanda ya zaga shi ta dama da wanda ya zaga ta hagu alamarsu ta saɓa. A mantiƙi kuwa p ∧ q da q ∧ p duk ɗaya ne. Riga ɗaya, mutum biyu, hali daban.

36/
Grassmann bai ci ribar aikinsa ba. Manyan zamaninsa ba su kula littafin ba. Ya sake rubuta shi a 1862, shiru. Bai taɓa samun kujerar koyarwa a jami'a ba. Ya juya ga nazarin harshen Sanskrit, a can ya yi suna. Ya rasu 1877. Bayansa su Élie Cartan suka ɗora gini a kan aikin, a ƙarni na 20 kuma ∧ ta zama alamarsa.

37/
Wani abin dariya. Ina da ɗan ƙanwar babata da ke karatu a Maraɗi. Mu nan da Nijar ai gida ɗaya ne, daga Zurmi ka bi ta Jibiya ka shiga. Ya zo da littafinsa na kimiyyar motsi, na buɗe, sai ga ∧ a kowane shafi. Na ce, "Kai, mantiƙi kuke yi a nan?" Ya ce wane irin mantiƙi?

38/
Ashe a tsarin Faransa, ninkin bekta da mu muke rubutawa da × su da ∧ suke rubuta shi. Ƙarfin murɗawa, mu r × F, su r ∧ F. A lissafin lambobi kuma 12 ∧ 18 = 6 a wurinsu, wato babbar lambar da ke raba su biyun. Harshenmu ɗaya, tuwonmu ɗaya, iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba mana har alamar lissafi.

39/
Mene ne r ∧ F? Koma gun motar da aka sa wa weji. Bakanike ya ɗora sifana a kan noti. r tsawon sifanar ne, F ƙarfin hannunsa. Noti ya ƙi, sai ya zura bututu a sifanar ya ƙara mata tsawo. Fili ya ƙaru, noti ya saki. In kuwa ya tura sifanar ta tsawonta, ko zai kwana noti ba zai motsa ba. a ∧ a = 0 ke nan.

40/
Kun ga mota ɗaya ta tara su duka. Wejin katako a ƙarƙashin taya. ∧ ta Grassmann a hannun bakanike. ∧ ta mantiƙi a kan direba: akwai mai, kuma birki na ci, kuma hanya lafiya, sannan a tashi.

Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ya sa na rubuta zaren nan.

41/
Karatun yaron yankinmu doguwar ∧ ce. Makaranta a buɗe ∧ malami ya zo ∧ akwai kuɗin jarrabawa ∧ uba ya samu ya noma gonarsa ∧ hanya ta biyu. Yaron wani wuri biyu ko uku kawai yake fama da su, sauran an riga an cike masa da 1. Namu kowanne sai an yi addu'a.

42/
A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a Zamfara, an rufe makarantu, kasuwannin mako irin ta Shinkafi suka tsaya. Lokacin ina jiran sakamakon shiga jami'a, sai mutum ya fita jihar kafin ya duba. A 2022 ga yajin aikin jami'o'i na wata 8. Cikin waɗanda muka gama sakandare tare, akwai waɗanda suka fi ni kai nesa. Sifili ɗaya ya faɗo musu a layi.

43/
Maƙerarmu ma ta ji a jikinta. Da, gab da damina, har layi ake yi: mai gyaran galma, mai sabuwar hauya, mai lauje. Yanzu gonakin nesa da yawa ba sa nomuwa, wanda bai je gona ba kuwa me zai yi da sabuwar galma? Wata rana Kaka wuta kawai yake hurawa don kar maƙera ta yi sanyi.

44/
Abin da ke ci min rai shi ne, a kan duk wannan sai mu ƙara wa ƙannenmu wani sifilin da hannunmu: "lissafi ba namu ba ne", "sai mai ƙwaƙwalwar Bature". Yaron da ya tashi yana ganin ana fiƙe gatari, yana auna gona da taki, yana sa wa mota weji, ya riga ya san rabin darasin. Sunayen ne kawai ba a gaya masa ba.

45/
Hanya da tsaro ba a hannuna suke ba. Wannan ɗayan kuwa yana hannunmu. Hutun nan mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan zauna da 'yan aji biyar da shida na unguwarmu a zauren gidanmu, da Hausa, da gatari da igiya da sifana a gabanmu. Kaka ya ce zai zo ya ga ko ɗan boko zai yi ƙarya.

46/
Da na gaya masa gungumen ya yi mana girma, cewa ya yi:

"Wa ac ce maka da sara guda aka faskare? Tsaga ɗai kaka nema, ka sa ƙarfe, ka yi ta bugu."

Sai ya miƙo min masaba wai in gwada. Na buga sau uku hannuna ya sage, yara suka yi ta dariya.

47/
'Yan'uwa ɗalibai na Ƙaura, Shinkafi, Zurmi da ko'ina: in kun ga ∧ a takarda, ku fara tambayar wacce ce daga ciki kafin ku amsa. Kar ku yi irin tawa 😅

Masu faskare da 'ya'yan maƙera, ku rubuto min sunan da kuke kiran ƙarfen tsaga gungume a garinku, ina tara su don darasin yaran.

48/
Wanda ya ga gyara ya gyara min, ɗalibi ne ni. Wanda ya amfana ya tura wa wani malamin lissafi ko ƙaninsa da ke tsoron fannin.

Allah Ya zaunar mana da Zamfara lafiya, Ya buɗe hanyoyinmu, Ya mai da manoma gonakinsu. 🙏